Takalman da Kawu Ya Taka Mana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa a Wulari.

Na zauna zaman makoki a garuruwa da yawa. A Omdurman na ga ana kafa rumfa, shayi yana zagayawa ba ƙaƙƙautawa. A Kumasi na ga ana kiɗa da jajayen tufafi, baƙo ya ɗauka biki ake. Namu na Yerwa shiru ne. Mutum ya zo ya tuɓe takalmi, a ɗaga hannu a yi Fatiha, ya ce, "Ya haƙuri?" a ce, "Da godiya," sannan ya faɗi kalma ɗaya ko biyu a kan mamaci, ya tashi.

Limamin unguwa ya ce tun da ya karɓi limanci bai taɓa juyowa ya ce a daidaita sahu ba, Kawu ne yake bin layi yana duba dugadugai. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce, "Bawan Allah nan bai taɓa gaishe ni ba sai ya fara kallon ƙafata. Har na riƙa wanke ta kafin in fito." Aka yi murmushi. Matasa kuwa abin da suka sani ke nan: tsoho mai ɗingishi, mai ƙarancin magana, wanda ba ya fashin jam'i.

Bayan la'asar sai ga wani tsoho daga Maisandari yana dogara sanda. Babarbare ne, shi ne golanmu a zamanin da, kuma har yau Gola muke ce masa. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka maganarsa da ƙarfi take fita. Ya ce, "Wushe, wushe," ya zauna da ƙyar, aka yi addu'a. Sannan ya ce, "Yau an binne ƙafar da ta fi kowace ƙafa a Barno."

Mutane suka dubi juna. Jikan Kawu, magidanci ne malamin makaranta, ya sunkuyo ya ce, "Baba, wace ƙafa? Kaka fa da ɗingishi na san shi."

Gola ya juyo ya dube ni. "Direba, kai ne ka iya biro. Ka ji ko? Jikansa ne fa."

Dalilin wannan rubutu ke nan. Amma akwai dalili na biyu, wanda nawa ne ni kaɗai. Da aka ajiye makara liman ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, jama'a suka ce sun yafe, ni ma na ce. Sai dai bakina ya yi nauyi, domin tsakanina da Kawu ni ne mai neman yafiya, kuma ban taɓa buɗe baki na nema ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Mutanenmu dukawa ne daga Kano, fata ce ta kawo kakanmu Yerwa, ya zauna. Kawu ya tashi da basilla da zare a hannu, amma zuciyarsa tana fili. Kafin 'yancin kai, lokacin ina ɗan firamare, babu wanda bai san shi ba daga Wulari har bakin kasuwa. Wani kamfanin sayen fata da gyaɗa ya ɗauke shi aiki, aka ce shi mai duba awo ne. Ban taɓa ganin ya taɓa sikeli ba. Aikinsa na gaskiya yana farawa ne bayan la'asar, idan ya sa rigar ƙungiyar kamfanin. A wancan zamani haka ake ciyar da ɗan ƙwallo: a ba shi tebur da kujera, a bar shi ya yi wasa.

Ba da takalmi ake wasa ba. Kawu yakan naɗe idon sawunsa da farin ƙyalle, ya ɗaure 'yan yatsu biyu wuri ɗaya, shi ke nan shiri ya ƙare. Wanda bai yi wasa a rairayin Yerwa ba ba zai gane ba. A filin ciyawa ƙwallo gudu take, kai ne kake bin ta. A namu nutsewa take, ta kwanta kamar raƙumi ya ƙi tashi. Sai ka sa yatsu ƙarƙashinta ka ɗago ta, ka tafi da ita a sama-sama. Kawu yana ɗaukar ƙwallo da yatsun ƙafa kamar yadda mace take ɗaukar ƙwai daga kwando. Na ga 'yan wasa a Fort Lamy, na gan su a Kumasi inda ake cika fili har kan itatuwa, na ga na Sudan masu dogayen ƙafafu. Akwai waɗanda suka fi shi gudu da ƙarfin bugu. Wanda ƙwallo take jin maganarsa kamar Kawu, ban gani ba.

Idan ƙwallo ta yage shi yake ɗinke ta, ya mayar da robar ciki, ya hura, ya ja igiyar bakin ya ɓoye ƙullin don kada ya fasa wa wani goshi. Mahaifiyata takan ce, "Duk gidan nan kai kaɗai ka iya ɗinki mai kyau, ka ƙare a kan abin da ake shura da ƙafa." Shi kuma ya ce, "Yaya, takalmin da kuke ɗinkawa ma ai da ƙafa ake taka shi."

Wata shekara aka kira shi Kaduna, inda za a zaɓi 'yan wasan da za su wakilci Arewa. Rabin unguwa ne suka raka shi tashar mota. Ya dawo bayan mako biyu, shi kaɗai, da rana tsaka, ya shige ɗaki. Daga baya muka ji abin da ya faru daga bakin wasu. A can an ce ba mai shiga fili ba takalmi. Da safen ranar gwaji aka miƙa masa sabon but, wato takalmin ƙwallo irin na wancan lokaci: fata mai tauri kamar busasshen ƙirgi, dogon wuya har saman idon sawu, gaba kamar ƙoƙon kwakwa, ƙasa kuma ƙusoshi. Mutumin da bai taɓa rufe yatsunsa ba ya shiga fili kamar jakin da aka dabaibaye. Ƙwallo ta zo, ya sa ƙafa, ta wuce. 'Yan kallo suka yi dariya. Kafin hutun rabin lokaci safarsa ta jiƙe da jini, aka fitar da shi.

Shi kansa kalma uku kawai ya taɓa faɗi a kan tafiyar. Idan aka tambaye shi yakan ce, "Takalmi ya ci." Ya ƙara wasa shekara biyu ko uku a gida, sannan ya karɓi usur ya zama kocin ƙungiyar.

A hannunsa na shiga, ina saurayi. Kawu ba mai bayani ba ne. Yakan tsuguna ya share rairayi da tafin hannu, ya yi ta zane da tsinke yana nuna wa kowa wurinsa, har mutane suka riƙa tsokanarsa da cewa bugun ƙasa yake. Gola yakan ce, "Malam, duba mana, za mu ci?" Kawu ya ce, "Ƙasa ta ce idan gola ya daina surutu." Harshe uku yake amfani da su a fili: da Barbarci yake faɗa, da Hausa yake yabo, da Turanci yake ƙirga tsalle. Idan ka ji ya koma Barbarci zalla, to ka san ka ɓata. Sabon ɗan wasa kuwa ba ya tambayarsa inda ya taɓa bugawa. Sai ya ce ya zauna ya miƙo ƙafa, ya juya ta, ya latsa tafin. Yakan ce, "Baki yana ƙarya, ƙafa ba ta yi."

Ni a gefen hagu nake, kuma ba yabon kai ba, na iya. Mutanen kasuwa suna ce mini magajin Kawu. Wannan suna ya shiga kaina fiye da kima.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Yerwa aka ce wata ƙungiya za ta zo daga Jos, kuma masu zaɓen 'yan wasa za su biyo su su duba. Manajan kamfani ya yi mana odar akwati guda na but, sababbi fil, ƙafa goma sha ɗaya. Muka taru aka buɗe, ƙanshin sabuwar fata ya tashi, kowa ya gwada aka rubuta sunansa a ciki. Muna shirin kowa ya ɗauki nasa sai Kawu ya rufe akwatin, ya ɗora a keke, ya tafi da shi gida.

Kashegari da sassafe aka gan shi a kan hanyar Dusuman, da riga da hula, da but a ƙafa, yana tafiya ƙwas, ƙwas, kamar soja. Bayan kwana biyu aka sake ganinsa, da wani takalmin daban. Haka ya yi ta yi kusan wata guda, a kasuwa, a hanyar masallaci, ko'ina. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce abin Kaduna ne ya taɓa masa kai. Wani mahauci ya tare ni ya ce, "Magaji, an kawo muku amarya, Kawunka ya riga ku shiga ɗaki. Kwance za ku sa."

Na haɗiye wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Da ma ni ba na son takalmin. Ina ganin duk abin da Allah ya ba ni a yatsuna yake, kuma ga abin da but ya yi wa Kawu.

Saura mako guda wasa ya kawo akwatin fili ya raba. Takalma sun yi duhu, sun yi ƙanshin kitse da man shanu, wuyansu ya karye, ƙasansu duk ƙura. Sauran suka sa ba musu. Ni na riƙe nawa da yatsu biyu.

Na ce, "Kawu, sabo aka kawo. Kwance ka ba ni."

Ya ce, "Sa, ɗan Yaya."

Na ce, "Ni haka zan buga, yadda na saba."

Ya ce, "Ba mai shiga filin nan ba takalmi. Masu zuwa ba za su dubi ƙafa tsirara ba."

Gola ya ja ni gefe yana cewa, "Kai, Afuno, sa ka ji mana tukuna." Afuno shi ne sunan da Barebari suke kiran Bahaushe. Na fizge hannuna. Sannan na faɗi maganar da har yau idan na tuna sai in ji kamar in nutse. A gaban 'yan wasa da 'yan kallon atisaye na ce, "Takalmin da ya sa aka yi maka dariya a Kaduna, shi kake so ya sa a yi mini a Yerwa? Ko baƙin ciki kake kada in kai inda ka kasa?" Na jefar da shi a gabansa.

Na jira Barbarci, bai zo ba. Kawu ya sunkuya ya ɗauki takalmin, ya kaɗe rairayin, ya ƙulla igiyoyin wuri ɗaya ya rataya a kafaɗa. Da Hausa ya ce, "Je ka. Ƙafarka ce." Ya busa usur, aka ci gaba ba ni.

Ban kalli wasan ba. Kafin ranar na bi wata babbar mota mai zuwa Fort Lamy, daga nan na koyi tuƙi, hanya ta ɗauke ni. Gola ne ya ba ni labari daga baya: kunnen doki aka yi, babu ko mutum ɗaya da takalmi ya ji wa ciwo, kuma wanda aka sa a wurina shi masu zaɓe suka tafi da shi.

Ba zan ce na yi shekara hamsin ban gane ba. Na gane da wuri. A Kumasi na sayi sabon but don in riƙa taɓa wasa da direbobi, rana ɗaya ya saɓule mini dunduniya biyu, na yi mako ina tuƙi da silifa. A nan na zauna na lissafa abin da Kawu ya yi: ya jiƙa kowane takalmi, ya shafe shi da kitse, ya daddake ƙusoshin da suka ɓullo ta ciki, sannan ya sa ƙafarsa ya taka shi har ya yi laushi. Bororon da ya kamata ya fito wa mutum goma sha ɗaya, ya tattara shi a ƙafa biyu. A ƙasashen da na zaga na ga koci mai zagi, na ga mai duka, na ga mai sayen lemo. Wanda ya ara wa yaransa fatar ƙafarsa, a Wulari kawai na san shi.

Ganewa daban, faɗa daban. A Sudan na ga mutum ya rungume kawunsa yana kuka yana cewa a yafe masa, mutane suna kallo. Mu ba a haife mu da wannan ba. Duk zuwan da na yi gida sai na je gaishe shi da niyyar yau zan faɗa. In tsuguna, ya dubi ƙafata, ya ce, "Ƙafar direba. Ta yi taushi kamar burodi." Mu yi dariya, a kawo ruwa, a yi zancen hanya da farashin gero, in tashi. Sau ɗaya na kawo masa takalmin fata mai kyau daga Omdurman, ina fata takalmi ya yi maganar da baki ya kasa. Ya juya shi, ya yaba ɗinkin, ya sa albarka. Da Juma'a na gan shi a ƙafar liman. Na ce a raina, to, bai huce ba.

Lokacin ya riga ya fara ɗingishi. Babban yatsansa na dama ya karkace, ba farce, ya hau kan na kusa da shi. Kowa ya tambaya sai ya ce, "Ƙwallo ce." Wa zai yi musu? Ni na wanke wannan ƙafar ranar Talata, na zuba mata ruwa sau uku, ina tsammanin tsohon raunin fili ne.

Ranar uku, bayan an watse, matar Kawu ta aiko a kira ni tare da Gola. Babarbariya ce, Inna muke ce mata, kuma tun ina yaro ba ta kira ni da wani suna ba sai Afuno. Muka zauna a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki a kan tabarma. Muka yi mata gaisuwa. Sai ta turo wani ƙunshi a tsohon zane.

Ta ce, "Afuno, buɗe."

But ɗin ne. Igiyoyin suna ƙulle yadda ya ƙulla su a fili. Fatar ta yi baƙi tana sheƙi, ga sunana a ciki, ya kusa gogewa.

Ta ce, "Duk Babbar Salla sai ya ɗebi kitsen ragon ya shafa masa. Na yi faɗa har na gaji, ɗaki duk ƙarni."

Ta ci gaba, muryarta ba kuka a ciki. "Kai ka san ƙafarka ƙarama ce? Duk cikin yaran nan taka ce ƙarama. Sauran kwana bibbiyu ya yi musu. Naka bai shige shi ba, sai da ya lanƙwashe yatsa ya tura. Kwana shida yana takawa. Na ce masa, bawan Allah, ka ba yaron ya taka abinsa. Ya ce a'a, wannan yatsunsa ne dukiyarsa, idan takalmi ya ci shi sau ɗaya ba zai sake yarda da shi ba. A rana ta shida da ruwan zafi muka cire. Farcen a cikin safa ya zauna. Yatsan ya kumbura ya yi ruwa, ya ƙi zuwa asibiti sai da aka gama wasa. Ɗingishin ke nan."

Na ce, "Inna, takalmin da na kawo masa daga Omdurman fa? Liman ya ba."

Ta ce, "Yo ina zai sa yatsan? Kwana biyu yana gwadawa a ɗaki. Ya ce kada in gaya maka."

Na tattara ƙarfina na yi tambayar da na kasa yi wa mai ita. "Inna, ya yafe mini?"

Ta ce, "Ni ban taɓa jin ya ce ka yi masa laifi ba, balle in ji ya yafe. Abin da ya ce, da ciwon ya yi tsanani, shi ne idan ɗan Yaya ya zo a ba shi. A ce masa ya yi laushi yanzu."

Gola ya share ido da hannun riga, sannan ya daka mini tsawa kamar muna fili. "To me kake jira? Shekara nawa ina ce maka sa ka ji! Sa mana, Afuno!"

Na kwance igiyoyin. Na tuɓe takalmina a nan bakin ƙofa, tsoho da furfura, na zura ƙafar dama. Ta shige kamar safa. Babu inda ya matsa, babu ƙusar da ta taɓa ni. Na miƙe na taka, na sake takawa. Sai na ji wani abu a gaba: fatar ta buɗe ta yi ɗan kogo a wurin babban yatsa, inda nasa ya yi kwana shida yana turawa. Na miƙa yatsana iya miƙewa. Bai kai wurin ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da ɗingishi. Ka san inda ya samo shi. Ka yalwata masa kabarinsa kada ya matse shi ko ta ina, ka tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi, ka sa shi a sahun gaba. Mu da muka rage, ka ba mu ikon faɗin abin da ke bakinmu tun masu ji suna raye. Amin.